Jar bas ta ziyara a Madina ko motar ejan?

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Kin ce za ki raka Mma Umara, kina tambaya ko ku shiga jar bas ɗin nan mai hawa biyu da ke zagaya wuraren tarihi a Madina, ko ku tsaya kan ziyarar da ejan ya shirya wa ayarinku na Kumasi. Na shiga duka biyun, kuma ga mai tafiya da tsohuwa jar bas na fi so.

Tikiti ɗaya kike saye, ya yi miki awa 24. Duk tashar da kika so ki sauka, in kin gama ki jira mai zuwa ki hau da tikitin nan. Ba irin torotoron Kejetia ba ce da sai ta cika za a tashi, tana zagayenta ne ko da mutum biyar. Motar ejan kuwa gaggawa ce damuwarta. Kafin tsohuwa ta sauko ta gyara mayafi, jagora ya fara kira a dawo. Na ga wata baiwar Allah daga Aboabo ta koma mota da hawaye a Kuba, don cunkoson wurin alwala ya cinye mata lokacin da aka ba su.

Saboda haka ku fara da Kuba, kuma ku yi alwalarku tun daga otal. Hadisi ya zo cewa wanda ya yi tsarki a gidansa, ya zo masallacin Kuba ya yi salla, yana da lada kamar na Umara. Shi ne masallaci na farko da aka gina bayan hijira, kuma Manzon Allah (SAW) yakan je shi kowace Asabar, wani lokaci a ƙafa, wani lokaci a kan abin hawa. Ki bar Mma ta yi raka'o'inta biyu a natse.

Inda nake so ku ɓata lokaci sosai shi ne Uhudu. A nan aka gwabza a shekara ta 3 bayan hijira, sahabbai kusan 70 suka yi shahada, cikinsu har da Sayyidina Hamza da Mus'ab ɗan Umairu. Ƙaramin tudun da za ki ga mutane suna hawa shi ne na maharba 50 da aka ce kada su bar wurinsu, mafi yawansu suka sauko, Halidu ɗan Walidu ya zagayo da dawakai ta baya. Karatun da muka sha ji a makarantar dare sai ya tsaya miki a ido. Kada ki matsa wa Mma ta hau, duwatsun suna da santsi. Daga ƙasa ma ana ganin komai, ku tsaya gaban maƙabartar ku yi wa shahidai sallama.

Masallacin Ƙiblataini da wurin Handaƙ ba sa cin lokaci. Tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Hijaz, wadda layinta ya iso Madina a 1908, in gajiya ta zo ku kalle ta daga taga.

Sai dai bas ba malami ba ce. Bayanin da ake sa wa a kunne taƙaitacce ne, ni da Turanci na saurara, kuma Mma ba za ta amfana da shi ba sai kin mayar mata da Hausa. Kafin ku tashi ki zauna da malaminku ya tuna muku tarihin wuraren nan.

Ku fita da sassafe bayan karin kumallo, ku zauna a ƙasa, don saman bene rana na dukansa. Ki lissafa dawowa kafin Azahar, kada jiran mota ya hana ku jam'i a masallacin Annabi, wanda salla ɗaya a cikinsa ta fi dubu a waninsa, in ban da Haramin Makka. Ki tambayi mai tikiti lokacin motar ƙarshe, ki riƙe katin otal da 'yan riyal na tasi. Shiga Rauda, wurin da ke tsakanin kabarin Annabi da mumbarinsa, ba ya cikin tikitin nan, izininsa daban ne ta manhajar Nusuk, ki nema tun kuna Kumasi.