Zauren Saƙa: Kafin Ki Biya Kuɗin Ulu, Nemi Ashana

*Mma, wata uku ina saƙa mayafi mai ramuka irin na leshi. Da na sauke shi daga kibiyar saƙa sai ya fito a cukurkuɗe, zanen ganyen ko alama babu. Na ɓata aikina ne? (Amarya, Mamobi)*

Share hawayenki, 'yata, ba ki ɓata komai ba. Haka kowace saƙar leshi take sauka, sai an jiƙa an miƙar take nuna kyanta. Ki zuba ruwa mai ɗan ɗumi a baho da ɗigon sabulun wanke gashi, ki nutsar da mayafin minti 20 zuwa 30, ki ɗauraye a hankali. Kada ki murɗe. Naɗe shi cikin tawul ki taka, ruwan ya fita. Sai ki shimfiɗa zani mai tsabta a kan katifa, ki fara kafe layin tsakiya da gefen sama, sannan ki ja kowane tsini na bakin mayafin ki soka masa fil. Ki riƙa aunawa da tef don kada dama ta fi hagu tsawo. Fil ɗin ya zama marar tsatsa, domin iskar Ankara, babban birnin Gana, da gishirin teku take tafe, kuma tabon tsatsa a farin zare ba ya fita da daɗi. Da hunturu dare ɗaya ya isa. Cikin ruwan Mayu da Yuni kuwa, kunna fanka ki ba shi kwana biyu, in kin cire da sauran danshi zai koma yadda yake.

*Mma, na sayi zare a kasuwar Makola, takardarsa ta ce ulu ne zalla. Na saƙa mayafi da shi, na jiƙa na kafe, amma da na cire fil ya sake tattarewa. (Maman Biyu, Nima)*

Roba aka sayar miki, ƙanwata. Akirilik ne. Ulu gashin tunkiya ne, yana shan ruwa, yana bushewa a siffar da aka ba shi. Akirilik daga man fetur aka samo shi, ruwa ba ya lanƙwasa shi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, mace za ta tsaya ta yi ciniki a kan tumatir har muryarta ta dushe, amma a miƙo mata dunƙulen zare da hoton tunkiya a jiki, ta zaro kuɗi ba tambaya. Takarda ai kowa na iya bugawa! Ulu na gaske shigo da shi ake yi, da dala aka saye shi. In aka ce miki dunƙule guda bai fi kuɗin koko da ƙosai ba, kin san amsar. Sau da yawa ma mai shagon ba ta san an cuce ta ba, don a kasuwa kowane zaren saƙa ulu ake ce masa.

Gwajin ba wuya. Yanki ɗan guntu, kyasta ashana. Ulu yana warin gashi da ya ƙone, wutar ta mutu da kanta, abin da ya rage ki murje shi da yatsa ya zama gari. Akirilik narkewa yake, ya dunƙule ya zama baƙin ƙwallo mai tauri, da warin leda. Auduga tana ci da sauri, warinta na takarda. In kina gida, jefa guntun cikin ruwan bilic ki bari ya kwana: ulu zai narke, roba na nan daram. Mai shagon da ta hana ki yanki ɗan taƙi ki gwada, ki yi mata sallama.

Duba takardar ma da kyau. Ta kirki tana faɗin nauyi, da tsawo a mita, da lambar rini. Siririn zaren leshi yana kai mita 800 a giram 100, mai bi masa a kauri kusan 400. Ki sayi duk abin da aikin zai ci rana ɗaya, lambar rini ɗaya, in ba haka ba mayafi ya fito rabi fari rabi ruwan madara. Masu warware suwaitar gwanjo ta kasuwar Kantamanto, ku juya ta ku dubi ɗinkin gefe: in an yanka ne aka bi da keken ɗaurin baki, guntaye kawai za ku samu.

Maman Biyu, naki mayafin yana da magani ɗaya. Kafe shi, ki riƙe dutsen guga mai tururi kamar yatsu biyu sama da shi, kada ya taɓa. Zai kwanta, kuma ba zai sake tashi ba har abada, don haka ki fara gwadawa a ɗan ƙyalle. Dutsen gawayi kada ya zo kusa.

*Biki saura kwana tara, ban taɓa riƙe kibiya ba. Zan iya gama mayafin leshi? (Ƙawar Amarya, Madina)*

A'a. Je ki sayi gyale.

*Mma, ina tsoron farawa, kullum idon saƙa yana zame mini daga kibiya in warware duka. Kuma ulu ba zai yi zafi a garin nan ba? (Kaka, Sabon Zango)*

Hajiya, zai yi, shi ya sa nake cewa a fara da auduga mai sheƙi ko haɗin auduga da siliki, sai dai auduga ba ta da miƙuwa, tana gajiyar da yatsu. Ki nemi kibiya mai igiya, kauri milimita 3.5 ko 4, tsawo santimita 80, mai tsinin baki. Maganin zamewa kuwa, duk ƙarshen zane ɗaya ki zura zare mai santsi, mai wata kala, cikin dukkan idanun da ke kan kibiya. In kuskure ya zo, iyakar warwara nan. Ranar rufe baki ki ɗauki kibiyar da ta fi ta aikin kauri, ki sassauta hannu, domin bakin da ya matse ba ya miƙuwa ko an kafe shi da fil ɗari.