Tambaya da amsa: murfin da yaro ba zai iya buɗewa ba, da maganar buga suna a jikin roba

Wannan satin saƙonni uku na haɗa waje ɗaya dan duk maganarsu ɗaya ce, roba da murfi da suna. Na farko daga wata baiwar Allah ne a Ɗorayi, tace tana haɗa sabulun ruwa da bilic da maganin wanke banɗaki, tana ɗurawa a robobin ruwa da lemo da yara ke tsinto mata, yanzu ta ɗan samu jari shine take tambaya, ta fara buga sitika mai sunanta ne ko ta sayi irin murfin nan da sai an danna an murɗa, dan taji ance yafi tsada kuma kastomomi basa tambayarsa.

Hajiya dan girman Allah kafin sitika kafin komai ki daina zuba bilic a robar lemo. Wannan maganar da zafi nake faɗarta saboda na gani da idona, a layinmu akwai wata mai haɗa sabulu data jiƙa soda ta zuba a robar ruwa ta ajiye gefen randa, yaronta ɗan shekara biyu da ɗoriya ya taso daga bacci da ƙishi ya ɗauka ya kafa kai, kurɓa ɗaya yayi. Ina tuna yadda leɓensa yayi fari yawu na zuba baya iya haɗiyewa, mata sun taru wannan tace a bashi manja waccan tace a sa masa yatsa yayi amai, kuma duk biyun kuskure ne, soda in ta dawo ta maƙogwaro sake ƙonawa take, abinda ya dace a kwashe shi sai asibiti a tafi da robar. Yaron ya rayu Alhamdulillah amma ya daɗe sai koko da shayi. Yaro bai san karatu ba balle ya karanta lebul ɗinki, siffar roba ya sani, wadda ya saba shan lemo a ciki ita zai kai baki.

Toh shi murfin dannawa ba ƙawa bace. Wani likitan yara ne a garin Windsor na ƙasar Kanada, Dakta Henri Breault, ya gaji da ganin yaran da suka sha magani ya tsaya kai da fata har aka fito da shi a 1967, Amurka kuma ta mayar da shi doka a 1970. Murfi biyu ne a haɗe, na waje yana juyawa a banza yana ƙaras-ƙaras, sai kin danna haƙoransa sun kama na ciki sannan ya buɗe, yaro ƙarami kuma yin abu biyu lokaci ɗaya yana masa wuya. Gwajin da ake masa a ƙa'idar duniya mai suna ISO 8317 da yara ake yi ƴan wata 42 zuwa 51, a basu minti biyar, sannan a nuna musu yadda ake buɗewa a ƙara musu biyar, kuma dole aƙalla kashi 80 cikin ɗari su kasa. Kinga kenan su kansu masu ƙa'idar sun san wani yaron zai buɗe, murfin lokaci kawai yake saya miki kafin ki juyo daga kicin, dan haka ko da shi sai an ɗora kayan a sama.

Shawarata, bilic da na wanke banɗaki da duk abinda ke da soda ko asid ki sa musu wannan murfin, sabulun wanke-wanke kuwa murfi mai ɗan baki na yau da kullum ya isa, basai kin ƙona kuɗi ba. Sannan ki juya gindin robar ki duba lambar dake cikin ɗan alamar nan mai kusurwa uku, in 1 ce PET kenan irin ta ruwan sha, soda mai ƙarfi tana cinta a hankali, ki nemi mai lamba 2, HDPE, mai kauri wadda haske baya ratsawa sosai, bilic ma yafi daɗewa da ƙarfinsa a cikinta. Kuma karki sayi murfi daban roba daban da ka, ki tafi Sabon Gari da robar a hannu ko ki ɗauki murfin kije wajen masu kamfanin roba a Sharaɗa ko Bompai, dan zaki ga an rubuta 28/410 ko 28/400, faɗin bakin ɗaya ne milimita 28 amma tsayin wuyan da murɗin ba ɗaya ba, zai hau kamar ya zauna sai an ɗora a adaidaita an shiga gargada kiga yana tsiyaya. Ki karɓi sampul ko guda goma ki cika da ruwa ki ɗaure ki kwantar kan jarida ya kwana, gobe ki shanya su a rana irin ta watan Afrilu ki matsa ki gani, wanda ya jiƙa takarda ko ya tsage a gefe ki barshi ko kyauta ne. Maganar kastoma basa tambaya kuwa, ki gwada nunawa uwa mai ƴan yara yadda yake aiki sau ɗaya, ni dai ban taɓa ganin wadda ta ƙi ƙara ɗan abinda ke kai ba. Sitika ta biyo baya, in kuɗin bai kai ba ma ki fara da baƙi da fari, sunan kayan, lambar waya, da A NISANTA DA YARA da manyan baƙi.

Na biyu wani matashi ne daga Hotoro mai zoɓo da kunun aya, yace wani a intanet ya masa tayin murfi daga Chana wanda za'a zana tambarinsa a jiki ya fito ɓaro-ɓaro, wai ya biya kafin alƙalami.

Ɗan uwa ka riƙe kuɗinka tukuna. Sunan daya fito a jikin roba ana taɓawa aji, sai an sassaƙa maka ƙarfen da ake zuba narkakkiyar roba a ciki, kai zaka biya kuɗin ƙarfen, kuma ba zasu kunna inji dan guda dubu ɗaya ba, zaka wayi gari ɗakinka cike da buhunan murfi jarin aya da dabino ya tafi, in kuma ka canza roba gaba bakin bai zo ɗaya ba shikenan an yi asara. Kai abin sha kake sayarwa, murfin hana yara baya cikin lissafinka kwata-kwata, abinda kake buƙata sabon murfi mai zobe a ƙasa wanda yake tsinkewa in an buɗe, mai saye yaji ƙas ɗin nan hankalinsa ya kwanta ba wanda ya riga shi. Ka tambaya ko bakin robarka PCO 1881 ne ko 1810, na farkon gajere ne na biyun dogo, basa shiga juna yadda ya kamata. Ka zaɓi kala ɗaya ka riƙe, ja ko ruwan ɗorawa, har mutane su dinga cewa bani mai jan murfin nan, wannan ma suna ne kuma kyauta. Kuɗin ka zuba a lebul, ka gayawa mai firintin a firji da ƙanƙara kayan zasu zauna, ya maka da sitikar leda bata takarda ba, dan nasha ciro zoɓo daga kula lebul ɗin ya saɓule ya manne min a tafin hannu, ban ma san na waye na sha ba. Ka bar gurbin ranar haɗawa da ranar lalacewa da lambar NAFDAC, kuma dan Allah kar ka yarda wani ya ƙirƙiro maka lamba ya buga, kaje ofishinsu kayi rijistar gaske.

Ta ukun mai humra ce daga Gwammaja, tace wata ta kwaikwayi sunanta da kalar lebul ɗinta sak, alhali ita tana da satifiket ɗin CAC. Ƴar uwa abin da ciwo na sani, amma CAC sunan kasuwanci ta miki rijista, shi tambarin dake jikin kwalba rijistarsa daban ce a ofishin alamun kasuwanci dake ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya a Abuja, turare da sabulu suna aji na 3, in ya fito yana shekara 7 sannan a dinga sabuntawa duk shekara 14. Ki samu lauya ko wakilin daya saba ya fara bincika miki ko wani bai riga ki ba. Kafin nan ki adana tsofaffin rasit ɗin firintin da hotunan da kika fara sakawa masu kwanan wata, ki kuma sa ledar nan da ake busawa da zafi ta kama wuyan kwalba, in da hali a buga sunanki a jikinta, masu kwaikwayo yawanci a nan suke gajiya dan sai sun kashe kuɗi. In kuma kin san matar, ki fara tura babba ya mata magana kafin akai ga takarda.