Man gashi yana toshe ƙofofin fata ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a Nima, Akra. Wata uku ke nan ƙananan ƙuraje sun jeru mini a goshi, daidai bakin gashi, har gefen kunne. Makitsiyata ta ce maiƙon kaina da man da nake shafawa ne suka toshe ƙofofin fata. Yayata kuma ta ce in na daina shafa mai gashina zai kakkarye. Wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kowaccensu tana da tata gaskiyar, sai dai ba a kan abu ɗaya suke magana ba. Makitsiyarki fata take nufi, yayarki kuma gashi.

Kowane silin gashi daga wani ɗan rami yake fitowa a fata, kuma a jikin ramin akwai 'yar jaka mai fitar da maiƙo. Ramin yana toshewa ne idan matattun ƙwayoyin fata suka cakuɗe da maiƙo suka dunƙule a bakinsa. In fata ta rufe dunƙulen, sai ki ga ɗan farin ƙurji. In bakin a buɗe yake, iska ta taɓa shi ya yi baƙi, kuma wannan baƙin ba dauɗa ba ne, dirza ba ta fitar da shi. A tsakiyar kai gashin yana da kauri, yana riƙe ramin a buɗe, shi ya sa ba a cika samun irin wannan toshewar a can ba. A goshi kuwa gashin siriri ne ƙwarai, jakar maiƙon kuma babba. Nan ne man gashi yake ɓarna. Tun 1970 likitocin fata a Amurka suka yi bayanin wannan nau'in ƙuraje a wajen baƙar fata masu shafa man gashi mai kauri kullum: ƙanana, masu kama da juna, a jere a goshi da gefen fuska. Kamar naki suka gani.

Ta yaya man yake sauka goshi alhali a kai kika shafa? A zafin Akra da gumin cikin mota, man kaɗanya ko basilin ba ya zama inda aka ajiye shi, narkewa yake ya gangaro. Ki juya hijabinki ko hular da kike sawa ƙarƙashinsa ki duba bakin da yake kwanciya a goshi, za ki ga layin maiƙo ya yi duhu. Wannan layin yana goga fatarki tun safe har isha'i. Da dare rigar matashin kai ta karɓi aikin.

Yayarki ma ba ta yi ƙarya ba. Gashinmu a nannaɗe yake, maiƙon da fatar kai take fitarwa ba ya iya bin lanƙwasarsa har ƙarshe, sai ki tarar tushe yana naso, ƙarshen gashi kuma a bushe kamar soso. Saboda haka gashi ne yake son mai, fatar kai tana da nata.

Ki daina tsaga kai kina cusa mai a kowace tsaga. Ki ɗan jiƙa gashin da ruwa tukuna, domin mai riƙe danshi yake yi, ba ya kawo shi. Sannan ki laƙato kamar girman ƙwayar gyaɗa, ki murza a tafin hannu ya narke, ki shafa daga tsakiyar silin gashi zuwa ƙarshensa. Sau biyu ko uku a mako ya isa, sai dai a hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, in gashin ya nuna buƙata. Ki bar faɗin yatsu biyu daga bakin goshi babu mai, ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa fuska. Man kwakwa yana shiga cikin silin gashi yana rage karyewa, amma yana cikin masu saurin jawo ƙuraje a fuska, don haka shi ne ya fi buƙatar wannan tazarar. Maganin kwantar da gashin goshi da 'yan mata suke yayi ma mai laifi ne, a goge shi kafin barci.

Wankin kai sau ɗaya a mako, in ya yi nisa mako biyu, ko da kitso a kai. A zuba shamfu kaɗan a roba, a ƙara ruwa, a bi tsaga-tsaga da shi, a murza da tsokar yatsa ba da farce ba. Fuska ita ce ta ƙarshe a wanki, don ta rabu da abin da ya gangaro. Hula da rigar matashi a canja su duk kwana biyu ko uku.

Ƙurajen da suka riga suka fito ba sa tafiya a mako guda. Ki ba su mako 6 zuwa 8. In suna nan, a kemis akwai benzoyl peroxide mai kashi 2.5 ko 5 cikin ɗari, a shafa kaɗan sau ɗaya a rana. Yana koɗar da launin tufafi, kada ki ɗora sabon mayafi a kansa. Akwai kuma adapalene mai kashi 0.1 da ake shafawa da dare, amma mai ciki ba ta amfani da shi. Kada ki matse su, tabon da matsa take bari a baƙar fata yana fin ƙurjin daɗewa da watanni. In kuma kina shafa man bilicin, ki sani da yawansu akwai sinadarin sitiroyid a ciki irin su clobetasol, shi kaɗai yana fitar da ƙuraje, kuma gyaran gashi ba zai hana shi ba.

Tambaya: Ɗana mai shekara 19 yana fama da amosani, kafaɗar rigarsa fari fat. Kullum ina sa ya shafa man zaitun, yana lafawa kwana biyu ya dawo fiye da da. Daga wata uwa a Madina, Akra.

Amsa: Hajiya, a dakata da man zaitun ɗin. Yawancin amosani ba bushewa ce take kawo shi ba. Akwai wata ƙwayar naman gwari mai suna Malassezia da take zaune a fatar kan kowa, abincinta maiƙo ne, har ma da man zaitun ake kiwonta a ɗakin gwaje-gwaje. Man yana manne ɓawon ne ya ɓoye shi, ita kuwa tana ƙoshi. A samo masa shamfu mai ketoconazole kashi 2 cikin ɗari. Sau biyu a mako, na mako 2 zuwa 4, ya bar kumfar a fatar kai minti 3 zuwa 5 kafin ya ɗauraye. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗauraye ta nan take. Bayan ya lafa, sau ɗaya duk mako ko mako biyu, don amosani yana dawowa. In kuwa kin ga gashi yana gutsurewa ya bar fili zagayayye mai ɓawo, musamman a ƙananan yara, wannan makero ne, maganin sha yake buƙata daga likita, kuma a raba masa mataji da tawul.

Tambaya: Ko toshewar ƙofofi tana hana gashi tsiro? Kuma me ya sa nake samun ƙuraje masu tauri a ƙeya bayan aski? Daga Sabon Zango.

Amsa: Malam, gashi daga jini yake samun abinci ba daga iska ba, mai ba ya shaƙe shi. Abin da yake cinye gashin goshi a wajen mata shi ne kitso mai tsananin ja. Ƙurajen ƙeya kuwa wani ciwo ne dabam, wanda aski har fata da gugar wuyan riga suke tayarwa. Ka gaya wa mai askinka ya bar gashi kaɗan a ƙeya, kada ya bi ta da reza, ya kuma tsabtace bakin injin kafin ya taɓa ka. In sun fara haɗewa suna kauri, ka ga likitan fata da wuri, a asibitin koyarwa na Korle Bu da ke Akra akwai su, domin in suka zama tabo gashi ba ya sake fita a wurin.