Tambaya da Amsa: Me ke kashe tsofaffin gidajen abinci na Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ɗana yana karatu a jihar New Jersey ta Amurka, kuma ya shaida mini cewa an rufe wani tsohon gidan abinci da ke kusa da masaukinsu, wanda yake buɗe dare da rana tun kafin a haife ni, har mutanen unguwar suka yi ta jimami. Ya ce irin waɗannan gidaje suna ta ƙarewa a ƙasar. Waɗanne irin gidajen abinci ne su, kuma me ke kashe su a ƙasar da ake ganin akwai kuɗi a hannun mutane?
Daga wani mai karatu a Unguwar Sarki, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya ba yaron sa'ar karatu. Gidajen da yake magana a kansu wani nau'i ne na musamman, dogaye ne kuma matsattsu, masu siffar taragon jirgin ƙasa, don haka zan kira su gidajen abincin tarago. Asalinsu sana'ar dare ce. A shekarar 1872 wani mutum mai suna Walter Scott ya fara sayar da burodi mai haɗi da kofi daga cikin keken doki a birnin Providence na jihar Rhode Island, kuma masu sayensa ma'aikatan gidan jarida ne da sauran masu aikin dare, waɗanda idan suka tashi ba sa tarar da ko'ina a buɗe. Da sana'ar ta karɓu sai waɗansu suka faɗaɗa keken suka sa masa kujeru, daga baya kuma kamfanoni suka shiga ƙera ɗakunan a masana'anta, kamar kamfanin Worcester Lunch Car da aka kafa a 1906 a jihar Massachusetts, da kamfanin Jerry O'Mahony a New Jersey. Mutum zai sayi ɗakin cikakke, da murhunsa da kantarsa da kujerunsa, a jawo masa shi har filin da ya samu, shi ya sa aka yi su matsattsu domin su iya bin hanya. Jihar da ɗanka yake ita ce ta fi kowace shahara da su, kuma da yawa daga cikin masu su a can da New York 'yan ci-rani ne daga Girka, waɗanda suka fara da wanke kwanuka har suka mallaki nasu.

Matsin ɗakin shi ya ba shi halinsa. Akwai doguwar kanta guda, da kujeru jere a gabanta, kuku yana suya a gaban idon kowa, direban babbar mota yana zaune kafaɗa da kafaɗa da lauya ko ɗan sanda, mai kawo abinci kuma ta san sunan kowa da abin da ya saba ci. Abincin irin na gida ne wanda Ba'amurke ya tashi da shi a hannun uwarsa: soyayyen ƙwai, dankalin turawa da aka goge aka soya, fanke mai faɗi da ake zuba wa ruwan zaƙi, niƙaƙƙen nama da ake gasawa a yanka kamar burodi, dafaffen dankali da aka tuƙa da madara da man shanu, sai kofi wanda idan ya ƙare ake ƙara wa mutum ba tare da ƙarin kuɗi ba. Wanda ya san teburin mai shayi a Tudun Wada ko Kawo, inda ake shan shayi kofi ɗaya a yi hirar siyasa ta awa biyu ba wanda ya ce a tashi, ya fahimci matsayin waɗannan gidaje a zukatan mutanensu. Saboda wannan matsayi ne har yau masu neman shugabancin Amurka suke shiga cikinsu a jihohin Iowa da New Hampshire lokacin zaɓen fid da gwani, domin a gan su tare da talakawa.

Game da abin da ke kashe su, kada a ɗauka Amurkawa ne suka daina son abincin. Abin da ya faru shi ne, abubuwan da gidajen suka dogara da su aka janye musu ɗaya bayan ɗaya. Da farko hanya ce ta guje su. A 1956 shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan hanyoyin da suka haɗa jihohi, hanyoyin kuma suka kewaye garuruwa maimakon ratsa su, sai gidan abincin da ke bakin tsohuwar hanya ya wayi gari motocin da yake ci da su suna wucewa can nesa. A daidai wannan lokaci ne kamfanonin abincin gaggawa suka taso. Ray Kroc ya buɗe reshensa na farko na McDonald's a 1955 a garin Des Plaines na jihar Illinois, kuma irin waɗannan kamfanoni su ne suka mamaye mashigan sababbin hanyoyin, da abinci iri kaɗan, farashi mai sauƙi, da talla a talabijin wadda mai ɗaki guda ba zai iya biyan kuɗinta ba.

Amma a ganina babban rauni shi ne mutuwar masana'antu, kuma a nan ne mutumin Kaduna ba ya bukatar dogon bayani. Gidan da ke buɗe dare da rana yana rayuwa ne da ma'aikatan da ke canjin aiki, masu shiga da asuba da masu fitowa tsakar dare. Tun daga shekarun 1970 masana'antun ƙarfe da na saƙa da na motoci a arewa maso gabashin Amurka da tsakiyarta suka shiga raguwa, kuma duk masana'antar da ta rufe takan tafi da gidajen abincin da ke ƙofarta. Mu ma mun ga haka a Kakuri. Tun da masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, sauran masaƙu suka biyo baya, dubban ma'aikata ne suke fitowa a lokaci guda, kuma masu tuwo da masu waina da masu shayi suna cin abinci da su. Da masaƙun suka durƙushe a shekarun 2000, an yi ta lissafin ma'aikatan da suka rasa aiki, amma ba a cika tuna matan da tukwanensu suka daina hawa wuta ba, alhali su ma da masaƙun suke rayuwa.

Waɗanda suka tsira daga wannan sai ƙasa ta zame musu matsala. A birane irin New York filin da ɗakin da ba bene ba yake zaune a kai ya fi abincin da ake sayarwa a ciki daraja nesa ba kusa ba, don haka mai fili ko dai ya ninka kuɗin haya, ko ya sayar wa masu gina dogayen benaye. Idan kuwa mai gidan abincin ne da filin, ga shi ya tsufa, 'ya'yan da ya yi wahala ya sa a makaranta sun zama likitoci da akantoci, babu mai son tsayuwa a gaban murhu kwana bakwai a mako, to sayarwa ita ce mafita, kuma ban ga laifinsa ba. Annobar korona ta 2020 ta ƙarasa da yawa, waɗanda suka sake buɗewa kuma da dama sun daina aikin dare saboda rashin ma'aikata. Bayan haka murar tsuntsaye ta tayar da farashin ƙwai, wanda shi ne ginshiƙin abincinsu. Ko manyan kamfanonin da suka kwaikwayi salon ba su tsira ba: Denny's ya sanar a 2024 cewa zai rufe rassa 150, Waffle House kuma a farkon 2025 ya ƙara santi 50, wato rabin dala, a kan kowane ƙwai na wani lokaci. Idan masu ɗaruruwan rassa suna jin jiki haka, sai a auna halin mai ɗaki ɗaya.

Ya kamata in ƙara cewa ba kowane Ba'amurke ne yake tuna zamanin da daɗi ba. A kudancin ƙasar an daɗe ana hana baƙar fata zama a irin waɗannan kantocin cin abinci, har a ranar 1 ga Fabrairu 1960 ɗalibai baƙaƙe huɗu suka zauna a kantar shagon Woolworth a garin Greensboro suka ƙi tashi, abin da ya bazu zuwa wasu garuruwa kafin dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta haramta wariyar. Duk da haka jimamin maƙwabtan ɗanka na gaskiya ne, domin sun rasa wurin da mai ƙaramin ƙarfi, ko tsohon da ke zaune shi kaɗai, zai je ya zauna a san da shi. Shawara ga yaron kuma, idan ya shiga ɗaya daga cikin waɗanda suka rage ya riƙa tambaya, saboda naman alade yana cikin abincin safensu, kuma sau da yawa a kan ƙarfe ɗaya ake soya shi da ƙwai.

Tambaya: Malam, ina da gidan tuwo a kusa da tashar Kawo, wanda na gada daga mahaifiyata. Yanzu samari sun koma indomi da shawarma da abincin da ake kai musu a roba, ga tsadar hatsi da gas, ga mai shago yana ƙara haya kowace shekara. Na ji an ce ko a Amurka masu abincin gargajiya rufewa suke yi. In bar tuwon in koma abincin zamani ne?
Daga wata mai karatu a Kawo, Kaduna.

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan mahaifiya, ya sa albarka a abin da ta bari. Wasiƙarki ta zo a kan gaɓa, shi ya sa na haɗa ta da ta sama. Amsata a taƙaice ita ce kada ki bar tuwon. Masu shawarma da soyayyar kaza sun fi ki jari da kayan aiki a fagensu, alhali miyar kuka da taushe da kuɓewa irin na hannun da ya gada ba su da su, kuma direban da ya taso daga Kano ko Zariya ya sauka a Kawo ba shawarma yake nema ba. Matsin da kike ji na gaske ne, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin dakon hatsi da na komai ya tashi, amma wannan matsi ya shafi mai indomi kamar yadda ya shafe ki.

Abin da ya fi dacewa ki duba a labarin Amurka shi ne, ɗaya daga cikin abubuwan da suka nauyaya wa gidajen can shi ne yawan nau'in abinci, domin wasu suna da jerin abinci shafi-shafi, kowanne yana bukatar kayan da za a saya a ajiye, abin da bai fita ba kuma asara ne. Ki lura da abin da ke ƙarewa kafin azahar da abin da ke kwana a tukunya, ki rage na biyun ko da ranki yana so. Idan samari sun fi son a kai musu, tuwo ma yana shiga roba, kuma yaro ɗaya mai waya da lambar asusun da za a tura kuɗi ya isa ya kai wa masu shaguna da ma'aikatan ofisoshin da ke kusa da ke.

Maganar haya ita ce ta fi damuna a wasiƙarki, domin ita ce ta kashe gidajen da abincinsu bai taɓa lalacewa ba. Ki nemi mai shagon ku zauna da shaidu, a rubuta yarjejeniya ta shekara biyu ko uku da adadin da za a iya ƙarawa, maimakon ki riƙa jiran abin da zai faɗa duk ƙarshen shekara, kuma idan kina cikin adashi ki fara ware wani kaso da niyyar samun wuri naki ko da ƙarami ne, muddin yana kan hanyar da masu cin abincinki suke bi. Sannan ki jawo ɗaya daga cikin 'ya'yanki ko 'yan aikinki ki koya mata miyar da kuma lissafin kasuwa tun kina da ƙarfi, ki kuma ba ta wani kaso na riba da za ta ga amfanin zama, domin yarinyar da ake biya kuɗin wanke-wanke kawai za ta tafi duk ranar da ta samu inda ya fi.