Ƙarar bindiga da kunne: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Likita ni jami'in tsaro ne, kwana 5 da suka wuce mun yi atisayen harbi a rufaffen ɗaki ban sa komai a kunne ba, tun ranar kunnena na hagu ke ta ƙugi zuuu kuma sai an maimaita min magana. Zai warke?

Amsa: Yallabai Allah ya sawwaƙe, amma don Allah kar ka zauna jira, ka je wajen likitan kunne gobe-goben nan a gwada jinka, domin maganin da ake badawa ya fi aiki a sati 2 na farko, in an wuce nan sai dai a yi ta lallaɓawa. Ƙarar bindiga tana haura desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 140, alhali ko 85 ma in mutum ya wuni cikinta kullum tana cin kunne, to a ɗaki kuma bango na dawo maka da ƙarar ne ba ta da wajen fita. Can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kamar gashi da ke kai sauti ga ƙwaƙwalwa, wasu suna farfaɗowa in sun galabaita, amma wanda ya mutu ya mutu kenan, ba ya sake tsirowa. Na hagun ne ya fi shan wahala saboda mai harbi da hannun dama wannan kunnen ke fuskantar bakin bindiga. In kana kusa da Kaduna akwai asibitin kunne na ƙasa. Kafin nan ka nisanci harbi da janareta.

Tambaya: Ni mafarauci ne, auduga nake cusawa, ta isa?

Amsa: Wallahi ba ta isa ba malam, kaɗan take tarewa. Ka nemi robar toshe kunne ta soso, ka murza ta ta shige sosai, in a cikin gini ne ka ɗora wanda ke rufe kunne gaba ɗaya a kai.

Tambaya: An harba adaka a zaure kusa da ɗana ranar hawan sallah, jini ya ɗan fito masa a kunne, kakarsa ta ce a ɗiga man zaitun.

Amsa: A'a Hajiya, a ba Kaka haƙuri kar a ɗiga komai. Da alama dodon kunnen ne ya fashe, kuma yawanci yana haɗewa da kansa cikin wata 1 zuwa 3 in ruwa ko mai bai shiga ba. A kiyaye wajen wanka, banda tsinken auduga, kuma ki kai shi a duba shi yau ɗin nan musamman in yana jiri ko kunnen ya fara ruwa.