Amsa kan garmahon nan mai tambarin kare

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, da farko Allah ya jiƙan kakanka, ya kai haske kabarinsa. Tun shekaranjiya na ga tambayarka: kun buɗe ɗakinsa kun tarar da baƙin akwatin garmaho mai hannun da ake wanawa, a cikin marfin ga hoton kare yana leƙa ƙaho, an rubuta His Master's Voice da Hayes, Middlesex. Ga faya-fayai kusan talatin a kwali, ga kuma tsohon akwatin rediyo mai tambari iri ɗaya. Kana son sanin wane kamfani ne, shekarun kayan nawa, ko za su gyaru, da kuma ko ka sallama wa mutumin da ya taya su gaba ɗaya. Na ga wani ya ce maka na Amurka ne, wani ya ce na Indiya. Kowannensu yana da inda ya ɗauko maganarsa, amma naka na Ingila ne, rubutun Hayes ɗin nan ya raba gardama.

A farkon shekarun 1970 na shiga koyon gyaran rediyo. A lokacin garmaho mai wani ya riga ya fara ja da baya, amma dattawa ba su daina kawo nasu ba, kuma shi ake fara damƙa wa yaron shago tunda babu wuta a cikinsa balle ta ja shi. "Mai kare" muke ce masa. Ban san iyakar waɗanda na kwance na ɗaura ba.

Asalin abin daga wani Bajamushe ne mazaunin Amurka, Emile Berliner, wanda a 1887 ya yi rajistar na'urar da ke karanta murya daga faifai mai faɗi. Kafin shi, na'urar Edison ta 1877 a jikin wani abu mai siffar gwangwani take ɗaukar murya. Fa'idar faifai ita ce ana iya buga dubbai daga uwa guda, kamar yadda ake buga littafi. A 1898 aka kafa Gramophone Company a Landan don cin kasuwar Turai, ofishinsu a wani lungu da ake kira Maiden Lane, faya-fayan kuma a Hanover ta Jamus ake buga musu da farko. Masana'antar Hayes da sunanta ke jikin akwatinka, a 1907 aka aza harsashinta a yammacin Landan.

Karen kuwa ya taɓa rayuwa. Sunansa Nipper, an haife shi a Bristol a 1884, ya mutu a 1895. Da ubangidansa ya rasu sai ya koma hannun ɗan'uwan mamacin, wani mai zane, Francis Barraud. Bayan mutuwar karen ne Barraud ya zana shi yana sauraren na'urar Edison, ya sa wa zanen suna da ke nufin "muryar ubangidansa". A 1899 ya je Maiden Lane neman aron ƙahon tagulla don ya gyara zanen, sai manajan kamfanin, William Barry Owen, ya ce zai saya in har za a shafe na'urar Edison a zana tasu a wurin. Fam ɗari aka biya shi, hamsin na zanen, hamsin na haƙƙin mallaka. Ko da haka sai a 1909 karen ya hau kan faya-fayan Ingila. Kafin nan hoton wani ɗan yaro mai fukafukai yana rubutu a kan faifai suke sawa.

Dalilin da ya sa mutane ke rikicewa shi ne karen ba na kamfani ɗaya ba ne. A Amurka kamfanin Victor na Eldridge Johnson, wanda aka kafa a Camden a 1901, shi ke da ikon amfani da shi, daga baya RCA ta saye Victor a 1929 ta gaji karen. A Japan yana hannun JVC. A Indiya kuma Gramophone Company da kanta ta buɗe masana'anta a Kalkata tun 1908. Saboda haka ganin kare kaɗai ba ya gaya maka komai, sai ka karanta rubutun da ke ƙarƙashinsa.

Game da shekaru: akwatunan hannu da suka fi yawa a wajenmu iri biyu ne, lamba 101 da ta fito a 1925, da lamba 102 da ta gaje ta a 1931, wadda aka ci gaba da ƙerawa har wajen ƙarshen shekarun 1950. Duba cikin marfin. In akwai aljihun ajiye faya-fayai a jikinsa, 101 ce. Ita 102 tire take da shi na ƙarfe da ake ɗorawa a kan farantin da ke juya faifai, kuma tana da birki mai tsayar da kansa in waƙa ta ƙare. Ka ɗaga farantin a hankali da hannu biyu, sau da yawa za ka ga 'yar alama mai lamba a ƙarƙashi. In 102 ce, ka yi sa'a. Ban taɓa riƙe garmahon hannu mai muryarta ba. Ƙahon yana naɗe a cikin akwatin, marfin kuma shi ke turo sautin gaba, shi ya sa ɗan akwati ke cika tsakar gida ba batir ba lantarki.

Zai gyaru, in sha Allahu. Cuta uku ce ke damunsu. Ta farko busasshen giris a cikin gwangwanin sifirin: za ka ji yana cikin juyi sai ya yi "gum", faifan ya yi tsalle. Maganinsa a fitar da sifirin a wanke da kananzir a sa sabon giris. To amma ina roƙonka kada ka buɗe gwangwanin nan da kanka. Sifirin doguwar tsinin ƙarfe ce mai kaifi a naɗe da ƙarfi. Ina yaro a shago wata ta kuɓuce mini ta yanke ni a tafin hannu, har yau tabon yana nan, kuma da fuska ta nufa da labarin ya sha bamban. Ka kai wa tsohon mai gyaran agogon bango ko mai gyaran keken ɗinki da ya san sifirin. Ta biyu, robar da ke riƙe da fatar kan, wato ɗan zagayayyen ƙarfen da ake ɗaura wa allura. In ta bushe sai murya ta riƙa kakkaɓi, kuma ta riƙa cin faifai. Fatar 102 ta siririn alminiyom ce, yatsa ma yana lotsa ta, kada a bar yara su taɓa. Ta uku gwamna, waɗannan ƙwallayen ƙarfe da ke daidaita gudu a kan juyi 78 a minti. Ɗigon man keke yakan ishe ta. Kada ka wana hannun har ya ƙure, kuma in za ka ajiye, bar shi ya juya har sifirin ta saki.

Rediyon kuwa kada ka kuskura ka sa masa wuta don gwaji. Kwandensojin ciki sun daɗe da lalacewa, minti ɗaya ya isa su ƙone taransifoma, wadda ita ce ba a samun madadinta. Wasu ma irin waɗanda ba su da taransifoma, ƙarfen jikinsu kansa yana iya ɗaukar wuta. Kamfanin Gramophone ya shiga sana'ar rediyo ne da ya mallaki Marconiphone a 1929, shi ya sa in ka buɗe bayan rediyon HMV (wato His Master's Voice) da na Marconiphone na zamani ɗaya sau da yawa za ka ga ciki ɗaya ne, katakon waje ne ya bambanta. A 1931, lokacin da kasuwar duniya ta faɗi cinikin faifai ya karye, suka haɗe da abokin hamayyarsu Columbia aka samu EMI. A 1957 EMI ta sakar wa kamfanin Thorn ƙera rediyo da talabijin, sunan da karen suka ci gaba. Wato in rediyon kakanka na bayan 1957 ne, Thorn, masu rediyon Ferguson, ne suka ƙera shi. A wannan shekarar ce kuma BBC ta fara shirin Hausa, kuma EMI ɗin nan tana cikin kamfanonin Ingila biyu da gwamnatin Jihar Arewa ta haɗa hannu da su aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962. In rediyon yana da gajeren zango, ka san abin da marigayi yake kamawa da shi bayan magariba.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna na rubuta duk wannan. Mai tayin nan da ya ce a haɗa masa da kwalin faya-fayai, ka dakatar da shi. Akwatin 102 baƙi an ƙera shi da yawan gaske, har yau ana samunsa a kasuwannin tsofaffin kaya na Turai. Masu launin ja ko shuɗi ko kore ne suka fi tsada. Faya-fayan ne ba lallai a sake samun irinsu ba. Tun daga 1927 wannan kamfani, a ƙarƙashin tambarinsa na Zonophone, ya ɗauki muryoyin mutanen Afirka ta Yamma a Landan cikin harsuna da dama, har da Hausa, aka turo faya-fayan nan don sayarwa. Bayan haka ma an ci gaba da buga faya-fayai musamman don kasuwarmu. Irin waɗannan kaɗan aka buga, zafi da ƙura da ƙaura daga gida zuwa gida suka cinye yawancinsu. Na ga gidan da yara suka mayar da su abin wasa, na ga inda aka rufe tulu da su. Zai yiwu a cikin kwalin nan akwai muryar wani makaɗi da babu sauran kwafinta a ko'ina.

Don haka ka kula da su. Ba roba ba ne, an yi su da wani ƙaro da ƙwaro ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya, haɗe da garin dutse, suna fashewa kamar tangaran. Kada sifirit ko turare ya taɓa su, narkar da su yake. Na taɓa goge faifan wani dattijo da sifirit da nufin in kyautata masa, layukan suka narke a gabana. Bai yi mini faɗa ba, ya dai riƙe faifan ya yi shiru, ya ce a Makka mahaifinsa ya sayo shi. Wannan shirun bai bar ni ba har yau. Ruwa mai ɗan sabulu da tattausan buroshi sun isa, a bi zagayen layin, a kiyaye takardar tsakiya, a shanya a inuwa. A jera su a tsaye, kowanne da rigar takarda, nesa da rana da rufin kwano.

Allura kuma ɗaya ce ga fuska ɗaya ta faifai, daga nan a jefar. An yi ta da laushi da gangan don ita ta cinye, faifan ya tsira. Waɗanda ka tarar a ɗan kwanon da ke kusurwar akwatin, in ba ka tabbatar sababbi ba ne, kada ka yi amfani da su. Har yanzu ana ƙera sababbi, ana sayar da su ɗari-ɗari ta intanet. Kuma in akwai faifan roba a cikin kwalin, irin mai juyi 45 ko 33, kada ya hau wannan garmaho, sau ɗaya allurar ƙarfe za ta huɗe shi. In son samu ne ma, duk faifan da ka ga na Hausa ne, a fara ɗaukarsa zuwa kwamfuta da na'urar lantarki mai sauƙin kai kafin a ɗora shi a kan mai wani.

Ɗauki hoton takardar tsakiyar kowane faifai, gaba da baya, yadda lambobin za su fito sosai, har da waɗanda aka tona a jikin faifan kusa da takardar. Haɗa da hoton ƙarƙashin farantin da na bayan rediyon ka sa mana a nan, zan duba su ɗaya bayan ɗaya in gaya maka abin da na gane.