Kada ka tura wa ƙanin matarka kuɗin injin wankin kafet

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon kafet da labule a babbar kasuwar Gombe. Kullum masu saye suna tambayata inda za su kai wanki, shi ya sa na ƙuduri buɗe harkar. Na ware naira miliyan 13. Miliyan 8 zan sayi mota in yi mata fenti da sunan kamfani, miliyan 4 kuma zan tura wa ƙanin matata da ke Legas. Ya samo wani babban inji ɗan Amurka mai hita, har ya turo mini bidiyonsa yana aiki. Ya ce kaya na isowa zai dawo gida ya riƙe harkar, kuma a rana ba za mu rasa dubu 100 ba. Don Allah Hiyas ta fi dacewa ko Sharon?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Maganar Hiyas da Sharon ajiye ta gefe tukuna, ba ita za ta cinye maka jari ba. Miliyan huɗun nan da ka ambata a tsakiyar saƙo kamar ba komai ba, ita ce ta tsaya mini a rai. Za ka ɗauki kuɗi ka tura Legas, ga mutumin da bai taɓa wanke ko dardumar salla da inji ba, ya sayo maka abin da kai ma a waya kawai ka gani. Cinikin biri a sama ke nan. Kai da ba ka karɓar bandir ɗin kafet sai ka juya bayansa ka murza gashinsa da yatsa, yau bidiyon minti ɗaya ya ishe ka?

Ban ce yaron macuci ba ne, ban san shi ba. Wataƙila ma ya fi kowa son ka da alheri. Amma son alheri ba ya karanta farantin jikin inji. Kuma ka lura da yadda aka raba abin: shi ya zaɓi kayan, shi zai biya mai kayan, shi zai riƙe harkar, shi ya faɗi ribar da za a samu. Kai naka kawai fitar da kuɗi da ɗaukar asara. Ranar da injin ya ƙi, ba za ka iya ɗaga masa murya ba, domin uwargida tana ɗaki tana ji, surukai kuma suna nan Pantami ko Jekadafari suna jiran labari.

Kafin komai, ka ce ya ɗauko maka hoton ɗan farantin da ke manne a bayan injin, inda aka rubuta wutar da yake sha. In dai ɗan Amurka ne na gaske, za ka ga bolt 110 ko 120. Wutar Najeriya bolt 230 ce. Wanda ya canja masa kan filogi ya jona a soket ɗinmu, ko a janareta, cikin ƙiftawar ido zai ji ƙauri. Za a ce maka ai akwai taransifoma mai rage wuta. Akwai, amma manyan injinan nan masu hita yawanci da igiyar wuta biyu suke zuwa, kowace tana jan amp 15 zuwa 20, don haka taransifomar da za ta ɗauke su nauyi gare ta da tsada, kuma kullum sai an kinkime ta zuwa gidan mutane. A bidiyon an nuna maka abin da aka jona shi da shi? Na tabbata ba a nuna ba.

Wani bawan Allah a Bauchi, tsohon ma'aikaci da ya karɓi kuɗin sallama, haka ɗan yayarsa ya sayo masa irin wannan. Ranar gwaji yaran suka yanke kan filogin da reza suka sa namu, moto ɗaya ta ƙone nan take. Aka kai wa mai naɗin kwayil ya sake naɗawa. Injin ya tashi, ƙara kamar jirgi, amma zuƙarsa ta mutu. Bai gane ba sai da ya samu aikin wani masallaci a tsakiyar Agusta. Injin ya fesa ruwa ya kasa janyo shi, kafet ya kwana uku a jiƙe, ƙofofi a rufe saboda ruwan sama. Juma'a na zuwa wari ya hana mutane zama, sai a tabarmi aka yi salla a waje. Kwamitin masallaci ya ɗaga kafet ɗin, ƙasansa duk ya yi baƙi-baƙi da fumfuna. Ya biya, kuma daga ranar babu masallacin da ya sake kiransa. Ɗan yayar nasa yana nan lafiya lau, an ce ma ya koma harkar waya.

Abin da mutane ba su gane ba, wannan sana'ar ba fesa ruwa ba ce, kowa ma zai iya fesa ruwa. Ƙarfin injin yana wajen janyo ruwan da ya fesa tare da dattin. Saboda haka idan ka je saye, kuma kai za ka je da ƙafarka, moton zuƙa za ka fi sa wa ido. Ka tafi da yankin tsohon kafet daga shagonka, ka turbuɗa shi da ƙasa da ɗan manja. A jona injin a gabanka ya yi aƙalla rabin awa ba a kashe ba. Ka toshe bakin tiyo da tafin hannu ka ji ko yana kama fata da ƙarfi. Ka leƙa ta ramin iska ko tartsatsi ya yi yawa, ka shinshina. Bayan an wanke, ka danna farin ƙyalle a kan kafet ɗin: ɗan danshi ya kamata ka gani, in ruwa ya tsattsafo to ka yi sallama ka fita. Sannan ka tambayi mai kayan ya ɗora maka a tebur kabon buroshin moton, da famfon ruwa, da bakin feshi, da matatar injin, wato filta. Ba "za a samo" ba, a ɗora a tebur. Kabon buroshi ɗan ƙaramin abu ne da ke cinyewa da aiki, rashinsa kaɗai ya isa ya kwantar da injin miliyoyi wata biyu ana jiran saƙo daga kasuwar Alaba ta Legas.

Hitar da ake yi maka talla da ita ma, ni ban ga abin rawar jiki ba. Filogi mai baki uku irin namu fis ɗinsa amp 13 ne, wato wajen wat 3,000 yake ɗauka. Hita kaɗai tana iya shan wat 2,000 zuwa 3,000. Ƙara moton zuƙa biyu, kowace sama da wat 1,000, ka haura wat 4,000 zuwa 5,000. Ba gidan da zai ba ka wannan daga soket ɗaya, in ma kamfanin wuta na JED ya kawo wutar. Ke nan sai janareta mai kVA 7 ko fiye, kuma ka fi ni sanin inda litar fetur ta kai tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, lokacin tana ƙasa da naira 200. Zafi na taimakawa wajen narkar da maiƙo, gaskiya ne. Amma a Gombe baƙin tanki da ya wuni a rana a watan Maris ruwansa ya isa. Abin da ka rasa na zafi za ka mayar da shi ta wajen fesa sabulun da ya dace, a bar shi minti 10 zuwa 15 ya jiƙa dattin, a goge da buroshi sosai kafin a ɗauraye.

Injinan da ake kafewa a cikin mota kuwa, masu injin fetur nasu da dogon tiyo, waɗanda kake gani a YouTube, an yi su ne don gidajen da aka malale da kafet bango zuwa bango. Dubi abin da kake sayarwa a shagonka. Gidajen Federal Low Cost da Tumfure da GRA yawanci tayil ne a ƙasa, sai kafet na tsakiyar falo da na gefen gado, wanda ake naɗewa a ɗauka. Wannan ba a falon Hajiya ake wanke shi ba. Fili kake buƙata mai daɓen siminti da gangare, da ruwa wadatacce, da injin buroshi mai juyawa, da sandunan shanya a ƙarƙashin rumfa don kada rana ta koɗar da launi. Aikin da ake zuwa a yi a wurin shi ne na masallatai, otal-otal, ofisoshi, kujerun kushin da kujerun mota. Na kushin da mota ƙaramin inji mai bolt 230 ya wadatar, irin Puzzi na kamfanin Kärcher na Jamus, ko George na Numatic na Ingila. Puzzi 10/1 tankinsa lita 10 ne, ƙaramin janareta ma na ɗaukarsa. Sai dai kada ka shiga babban masallacin Juma'a da shi, za ka kwana kana cika tanki kana zubarwa. Wannan sai mai tankin lita 40 zuwa 50 da moto biyu. Ƙanin matarka ya tambaye ka wane irin aiki ka fi sa ran samu kafin ya zaɓi inji? In bai tambaya ba, da me ya auna?

Abu biyu da masu sabon shiga ke raina wa, su suka fi ceton suna: injin zuƙar ƙura busasshiya mai ƙarfi, da fankokin busarwa na ƙasa. Mafi yawan dattin kafet busasshen rairayi ne da ƙura, balle a garin da ke shan hunturu irin namu. Wanda ya zuba ruwa bai zuƙe wannan ba, taɓo ya kwaɓa. Kuma ka hana yaranka Omo da Hypo tun ranar farko. Omo na barin danƙo da ke sake kama datti cikin mako biyu, Hypo kuma na cinye launi, ulu ma narkar da shi yake yi. A masallaci kada a tashi sai an yi ɗauraya ta ƙarshe da ruwa zalla, domin a mazhabar Malikiyya ruwan da sabulu ya canja ba ya gusar da hukuncin najasa. Limamai sun san wannan, kuma wanda ya faɗa musu tun kafin su tambaya ya gama samun aikin.

Mota sai a ƙarshe, domin kaya ne ke faɗin irin motar. Litar ruwa kilo ɗaya ce. Tanki mai lita 200 kilo 200 ke nan, babban janareta ya kusa kilo 90, injin wanki da na buroshi su ma kusan haka idan an haɗa, ga ma'aikata biyu. Ƙananan motocin Japan irin su Hijet da Suzuki Carry kilo 350 aka rubuta musu, ka ga an wuce tun ba a ɗora kafet ko ɗaya ba. Sharon kuwa motar fasinja ce, bayanta zai zauna. In ta kama dole, Hiyas ce, a cire kujeru, a shimfiɗa katako da roba a ƙasa saboda tsatsa, mai walda ya yi wa tanki keji a tsakiya daf da bayan direba. Tanki ko dai a cike ko wayam, domin rabin ruwa yana tangal-tangal a kwana yana jan mota. Janareta kada a taɓa tayar da shi a cikin mota, a sauke shi waje nesa da tagogin mutane, hayaƙinsa na kisa ba a ji wari ba. Jarkar fetur daban, ta sinadarai daban.

Amma ni da kuɗina ne, wata shida na farko ba zan sayi mota ba. A-kori-kura na haya na nan, Keke Napep na nan. Ka rubuta duk abin da ka biya na haya. Watan da ka ga kuɗin hayar ya fi abin da mai, gyara, takardu da albashin direba za su ci, ranar ce motar ta halatta. Miliyan takwas ɗin ta fi amfani a wajen fili mai ruwa. Ka fi ni sanin unguwannin da famfon Dadin Kowa ba ya kaiwa, inda sai tanka ko 'yan ga-ruwa. Mai wankin kafet da ke sayen ruwa jarka-jarka ma'aikacin mai ruwa ne kawai.

Dubu 100 a rana kuwa, Alhaji, ka tambaye shi a bakin wa ya ji. Harkar nan tana da kaka. Sha'aban ana gyaran masallatai, jajibirin salla biyu gidaje na ruguguwa, lokacin bukukuwa ana ɗan motsawa. Tsakiyar damina shanya ba ta bushewa, aiki ya ja baya. A ce ma ka samu rabin abin da ya faɗa a ranar da aka yi aiki, cire mai, ruwa, sabulu, sallamar yara biyu, haya, da ɗan abin da za ka ajiye don ranar da kafet ɗin wata Hajiya ɗan Turkiyya zai zubar da launi ta ce sai sabo. Wannan ranar tana zuwa. Shi ya sa kowane kafet sai an auna shi da tef, an ɗauki hotonsa gaba da baya a gaban mai shi, an goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a lungu a ga ko yana zuba, an rubuta a rasit.

In kana son taimakon yaron, hanya a buɗe take. Ya je wani wurin wankin kafet a can Legas ya yi wata biyu yana aiki da hannunsa, kai ka ɗauki nauyin abincinsa. In ya jure, ka samu ma'aikaci. Ka yanka masa albashi da kaso a kan kowane aiki, a rubuta, a sa shaidu biyu, ɗaya daga danginsa. In wani ya ce rubutu rashin yarda ne, ka tuna masa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Kuɗin aiki ya riƙa shiga asusun da ka buɗe da sunan harkar bayan rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba lambar asusunsa ba.

Wannan makon ka ajiye littafi a shago. Duk wanda ya sayi kafet ko ya tambayi wanki, a rubuta lambarsa, unguwarsa, da girman abin da yake da shi. Ka zaga masallatai biyar da otal uku ka ji wa ke yi musu yanzu, nawa suke biya, sau nawa a shekara. Idan littafin ya yi shafuka, ka hau mota zuwa Kano ko Legas da yankin kafet ɗinka a jaka, ku shiga kasuwar tare da ƙanin matar taka, ka biya mai kayan hannu da hannu, rasit da sunanka.